Nazarin Lamari: Cire Lalataccen Fenti Daga Samfurin Peugeot 405 da Sake Masa Sabo

Samfurin ya iso hannuna a cikin kwalinsa na asali, an naɗe bodinsa da tsohuwar jarida, kuma tun kafin in warware jaridar warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya riga ya ba ni rabin labarin. Ƙaramar mota ce ta roba, ƙirar kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a ƙasar Japan, irin wadda ake sayarwa sassa-sassa domin mai ita ya yanke, ya manne, ya yi mata fenti da hannunsa. Ma'auninta ɗaya bisa 24 ne, wato kowane santimita ɗaya a jikinta yana wakiltar santimita 24 a jikin motar gaske, shi ya sa tsawonta duka bai wuce kimanin santimita 18 ba. Motar da aka kwaikwaya ita ce Peugeot 405 T16, wadda Ari Vatanen ɗan ƙasar Finland ya lashe gasar tseren motoci ta Paris zuwa Dakar da ita a 1990, nasara ta huɗu a jere da kamfanin Peugeot ya samu tun daga 1987. Gasar ta waccan shekara ta ratsa Nijar ta bi ta Agadas, kuma wannan ne ya sa yayana ya sayi kwalin, sannan ya ajiye shi fiye da shekara 30 bai taɓa shi ba, har sai da ɗansa ya tsinto shi a ƙasan akwati.

Ga halin da na tarar. Fentin rufi da na bonet ya yamutse ya tattare kamar saman kunun da ya kwana, har ya dare a wasu wurare. Ƙofofi kuwa sumul suke, sai dai fentin ya yi kaurin da ya binne layukan da ke nuna bakin ƙofa da maɓuɗinta. A kusurwar baya ta dama akwai wani tabo mai kaushi, girman babban yatsa, da zaren auduga maƙale a cikinsa. An riga an manne gilasai da sufa gulu, tururinsa ya bar farin hazo a gefen gilashin gaba. Abu biyu ne kawai suka tsira: ba a haɗa bodin da ƙasan motar ba, ba a kuma taɓa takardar sitikoki ba.

Kafin in zuba komai a kan robar sai da na zaunar da yaron na bi tarihin aikin daki-daki, domin a irin wannan gyara abin da aka shafa da farko ya fi abin da ido ke gani muhimmanci. Ya ce ya fara ne da ragowar fentin mai da aka yi wa ƙyauren gida, ya shafa da buroshi shafi biyu masu kauri, ba tare da faraima ba, wato shafin farko da ake yi domin fenti ya kama. Bayan kwana biyu, da ya ga sawun buroshi ya fito, sai ya sayo gwangwanin fentin feshi na mota a kasuwa ya fesa a kai domin ya rufe aibin. Cikin mintuna kaɗan rufin ya fara tattarewa, shi kuma cikin ruɗewa ya jiƙa auduga da tina ya fara gogewa daga kusurwar baya, bai daina ba sai da ya ji robar tana danƙo a yatsansa. Da na tambaye shi ko bai lura fentin iri biyu ne ba, sai ya ce, "Baffa, ai na ga duk rawaya ne, na ɗauka fenti fenti ne."

To, fenti ba fenti ba ne, kuma a nan tushen matsalar yake. Fentin da ake amfani da shi a wannan sana'a iri uku ne, kowanne da hanyar bushewarsa. Fentin tina, irin na yawancin gwangwanayen feshi, yana bushewa ne idan tinar cikinsa ta tashi a iska, kuma ko bayan shekaru idan tina ta sake taɓa shi zai narke. Fentin mai kuwa bushewarsa canjin halitta ce, domin man da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar oksijin ya ƙulla kansa ya zama fata, aikin da ke farawa daga sama ya gangara ƙasa, har yakan ɗauki makonni idan shafin ya yi kauri. Na uku shi ne fentin akirilik mai ruwa ko sifirit, wanda ya fi sauran sanyin hali. Bayan kwana biyu fentin man da yaron ya shafa ya yi fata a sama alhali ƙasansa ɗanye ne, da tinar fentin feshi ta sauka a kai sai ta shiga fatar ta kumbura ta, ita kuma fatar tun da ta riga ta ƙulle ba za ta narke ba, ba ta kuma da ƙasa mai tauri da za ta riƙe, saboda haka ta tattare. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama: ana iya ɗora fentin mai ko akirilik a kan fentin tina da ya bushe, amma juya tsarin ganganci ne.

Mai karatu zai iya cewa me ya hana a goge da sanfefa kawai a sake feshi. Amsar tana cikin ma'aunin nan na ɗaya bisa 24. Kaurin fenti na rabin milimita a jikin samfuri daidai yake da milimita 12 a jikin motar gaske, kauri ne da ya kusa kai na ƙaramin yatsa. Sanfefar da za ta cinye wannan kauri a fili za ta cinye ƙananan zane-zanen da aka ƙera a jikin robar, kuma ba za ta shiga cikin layukan ƙofa da ramukan iska ba. Babu makawa sai an jiƙa.

Wahalar jiƙon ita ce robar kanta. Ana zuba waɗannan sassa ne da folistirin, irin robar da ake yi wa alama da lamba 6, kuma abubuwan da suka fi saurin narkar da fenti su ne masu narkar da ita. Tina, fetur da asiton na goge jan farce duk sun fita daga lissafi, kuma wanda yake shakka ya tuna cewa gam ɗin ruwa da ake manne sassan da shi ba wani abu ba ne illa irin waɗannan sinadarai, yana narkar da fuskoki biyu ne su haɗe su zama ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 cikin ɗari, da kostik soda irin wadda masu haɗa sabulu ke amfani da ita, da man birki. Akwai kuma masu jiƙa sassa a Dettol mai ruwan ƙasa, musamman a Ingila, amma idan ruwa ya taɓa fentin kafin a gama goge shi yakan zama danƙo mai wuyar fita, don haka ban bi wannan hanya ba.

Na yanko guntaye uku daga sandunan robar da sassan ke maƙale a jikinsu, tun da robarsu ɗaya ce da ta bodin, na jefa kowane a cikin ruwa ɗaya na rufe. Bayan kwana uku na sifirit da na soda sun fito yadda suka shiga, suna lanƙwasuwa kamar da. Na man birki bai narke ba, amma da na lanƙwasa shi sai ya karye ƙas, alhali wanda ba a jiƙa ba sai ya yi fari a wurin lanƙwasa kafin ya karye. Man birki na DOT 3 da DOT 4, masu sinadarin gilaikol, yana cin kusan kowane fenti, shi ya sa masu gyaran mota ke tsoron ya ɗiga a jikin bodi, amma wannan gwaji ya isa ya hana ni nutsa tsohuwar roba mai siraran ginshiƙai a cikinsa. Na ajiye shi a matsayin makamin ƙarshe. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya cire fenti, kuma ko ɗigonsa ya taɓa jiki sabon fenti ba zai kwanta ba.

Gilasai na fara cirewa, domin robarsu ta fi ta bodi saurin tsagewa, kuma sifirit na iya dusashe ta. Na jiƙa mahaɗar da ruwa na sa bodin a firiza ya kwana, sanyi ya sa sufa gulun ya yi gautsi, da safe na tura su daga ciki da tsinken sakace suka ɓalle ba tare da tsagewa ba.

A nan na yi kuskurena na farko. Na yi tunanin tun da fentin mai ne a ƙasa, idan soda ta ci shi na saman zai biyo shi, don haka na fara da soda. Na narka kimanin giram 50 a cikin lita ɗaya ta ruwan sanyi, a cikin robar abinci mai murfi mai lamba 5. Wannan haɗi yana da sharuɗɗan da ba a wasa da su. Soda ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, domin haɗuwarsu na fitar da zafi mai yawa, kuma dole a bari ruwan ya huce sarai, saboda folistirin na laushi a wajen digiri 100 na zafi, siraran sassa kuma suna karkacewa tun kafin a kai nan. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, domin tana cin ƙarfen ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Safar hannu ta roba da tabarau wajibi ne, tun da ɗigo ɗaya na iya makantar da ido. Kuma, wannan ina faɗarsa da babbar murya ga duk gidan da ke da yara, kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar lemo ko kofi, domin kamarsa ɗaya da ruwan sha, yaron da ya kurɓa kuwa maƙogwaronsa ne zai ƙone.

Washegari rufi da bonet, inda fentin ya dare, sun saki kamar ɓawon dafaffen tumatir, ruwan ya yi rawaya yana santsi. Santsin nan ba abin mamaki ba ne, domin abin da soda ke yi wa man fenti shi ne abin da take yi wa man gyaɗa ko manja a tukunyar mai sabulu, tana mayar da shi sabulu ne ya wanku. Amma ƙofofi da gefuna ko gezau, saboda a can fentin feshin ya kwanta bai tsage ba, ya zama rigar ruwa a kan fentin man, soda kuma ba ta da iko sosai a kan fentin tina. Dare ɗaya ya tafi a banza ga rabin motar.

Sai na ɗauraye bodin, na bar shi ya bushe sarai, na nutsa shi a sifirit cikin wata roba mai murfi, nesa da wuta. Ƙarfin sifirit yana da muhimmanci, domin mai kashi 70 da ake samu a kantin magani ruwa ya yi masa yawa, ba ya taɓuka abin kirki a nan. Bayan kwana biyu fentin saman ya yi laushi, tsohon buroshin haƙori ya ɗauke mafi yawansa, kuma na yi gugar ne a cikin sifirit ɗin, domin da zarar an fitar da shi iska ta buga fentin yakan sake ƙamewa. Daga nan bodin ya koma soda dare ɗaya, fentin man da ya rasa rigarsa ya saki gaba ɗaya. Ragowar da ta maƙale a ramukan iska da gindin maɓuɗin ƙofa ita ce na ɗiga wa man birki da auduga a bakin tsinke, na bar shi awa uku, na sakace da tsinken katako, ban yi amfani da allura ba don kada ta karce robar.

Kuskure na biyu ya zo ne wajen guga, lokacin da na riƙe bodin ta rufi na danna buroshi da ƙarfi, ginshiƙin gilashin gaba na hagu ya tsage daga gindi. Na manne shi da gam ɗin ruwa, na ƙara masa siririn guntun roba ta ciki a matsayin tallafi, na bar shi kwana biyu.

Da fenti ya fita sai ainihin ɓarnar ta bayyana, kuma ba inda ido ya fi tsoro ba ce. Rufin da ya yi muni a farko lafiya lau yake, domin fentin man ya tare masa tinar feshi. Kusurwar da aka goga da tina ce ta ci wuta: robar ta yi ƙuraje, ta ɗan loɓa, layin murfin baya ya shafe na kusan santimita biyu. Babu ruwan da ke gyara wannan. Na goge wurin da sanfefa mai lamba 600 a jiƙe, na cike loɓar da foti, wato ƙullun cike rami, shafi biyu sirara maimakon ɗaya mai kauri, saboda fotin samfuri shi ma yana ɗauke da tina kuma yana tsukewa idan ya bushe. Bayan ya bushe na bi shi da 800 sannan 1000, na naɗe sanfefar a jikin ɗan katako don kada yatsa ya yi rami. Layin da ya ɓace kuwa na sake tsaga shi da bayan bakin wuƙar sana'a, ina bin gefen tef mai kauri da na manna a matsayin jagora, ja goma marasa nauyi maimakon ɗaya mai ƙarfi.

Na wanke bodin da sabulun wanke-wanke na ruwa, ya bushe kwana ɗaya, na ɗora shi a kan lanƙwasasshiyar hangar waya na fesa farar faraima ta musamman ga roba. Zaɓen fara ba don ado ba ne, domin rawaya na daga cikin launukan da ba su rufe abin da ke ƙarƙashinsu, idan aka ɗora ta a kan faraima mai launin toka sai ta fito da duhu mai karkata zuwa kore. Faraimar ta tona asiri nan take, domin a gindin maɓuɗin ƙofar dama ta ja baya ta bar ƙananan ramuka zagayayyu, alamar man birki ya ɓuya a cikin tsagar, wanki ɗaya bai fitar da shi ba. Na goge wurin har roba, na wanke da sifirit, na sake wankewa da sabulu sau biyu, sannan faraimar ta kwanta. Da na san haka da tun farko na bar man birkin, na ƙara wa sifirit kwana ɗaya.

Launin da na zaɓa shi ne TS-34 na Tamiya, rawaya mai ɗan ja-ja, fentin tina ne da aka daidaita shi don roba, a gwangwani mai mililita 100. Lokacin hunturu ne, wanda ke da amfani da illa ga mai feshi. Amfaninsa shi ne babu laimar damina da ke sa fentin tina ya yi fari-fari yana bushewa. Illarsa ita ce ƙura, kuma busasshiyar iska na sa roba ta riƙa jan ƙura da zarar an goge ta da tsumma, sannan feshin na iya bushewa tun a iska ya sauka da tsakuwa-tsakuwa. Saboda haka na riƙa yin aikin da sassafe kafin iska ta tashi, na yayyafa wa ƙasa ruwa, na ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumin da hannu ke jurewa, na girgiza shi minti biyu, na kuma tsaya a nisan santimita 20 maimakon 30. Kowane ja na feshi yana farawa ne kafin ya kai bodin, ya kuma ƙare bayan ya wuce shi, don kada fenti ya taru a gefe. Shafi biyu na farko yayyafi ne kawai, har ana hango faraima ta cikinsu, da tazarar minti 20 a tsakani, na uku da na huɗu ne masu jiƙa da sheƙi. Bayan kowane shafi sai in kifa kwali mai tsabta a kai. Duk da haka ƙura biyu sun sauka a bonet, na bar su har fentin ya yi mako ɗaya, na shafe su da sanfefa mai lamba 2000 a jiƙe, na dawo da sheƙin da man goge fenti.

Baƙin da ke zagaye da tagogi na yi shi ne da fentin akirilik da buroshi, bayan na killace da tef na takarda, kuma a nan na kira yaron ya ga ƙa'idar tana aiki, domin inda baƙin ya zarce na goge shi da jiƙaƙƙen tsinke ba tare da rawayar ta motsa ba. Hazon gilashin gaba ya ragu da sanfefa mai lamba 2000 da man gogewa, aka mayar da gilasan da farin gam na katako, wanda ba ya tururi kuma yana bushewa garau.

Sitikokin irin waɗanda ake tsomawa a ruwa su zame daga takarda ne, kuma shekara 30 ta busar da su. Na gwada ɗaya da ba a buƙata, yana shiga ruwa ya farfashe. Don haka na fesa wa takardar siririn shafin fenti garau ya riƙe su, na yanke kowanne daf da bakinsa, na tsoma a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 20 zuwa 30. Manyan da ke gefen mota sun hau lafiya, ƙanana biyu sun tsage an haɗa su a jiki. Da yawa daga masu wannan aiki sukan rufe komai da fenti garau mai sheƙi, ni kuwa ban yi ba, saboda dalili biyu: fenti garau na tina na iya cin tsohon sitika, kuma a motar tseren gaske sitikoki a kan fenti ake liƙa su, motar da ta keta hamadar Tenere ba ta da sheƙin motar ɗakin baje koli.

Aikin duka ya ci mako biyar, wanda fiye da rabinsa jira ne. Ruwan sodar na tace shi, na tsinka shi da ruwa mai yawa kafin in zubar a magudanar banɗaki, busasshen fentin kuma ya tafi shara a ƙulle cikin leda. Layukan ƙofa da ramukan iska sun dawo, ginshiƙin da ya tsage ba a gane shi sai an leƙa ta ciki. Kusurwar baya ta dama har yanzu tana nuna 'yar loɓa idan haske ya zo ta gefe, kuma akwai ragowar hazo a ƙasan gilashin gaba inda sanfefa ba ta isa ba. Tayoyi da lambar gasa ta ƙofar hagu yaron ne ya sa su da hannunsa. Lambar ta ɗan karkace da kimanin milimita ɗaya, ya tambaye ni ko a jiƙa a gyara, na ce masa sitikan ba zai jure tashi na biyu ba, aka bar ta a haka.